Kes Marar Ƙara

Akwai kalma ɗaya da Msurshima ba ta yarda a furta a gidanta, ko da wasa. Ka zage ta za ta rama, ka taya agushinta tayin raini za ta yi dariya ta ce ka ƙara gaba, amma ka ce "kes" a gabanta, nan take za ka ga annurin fuskarta ya ɗauke. Duk layinsu a unguwar Akurba ta garin Lafia an san haka, an kuma san dalili. Mahaifinta, Baba Tavershima, shekara tara ya yi yana zirga-zirga tsakanin Adogi da kotu a kan layi uku na kunyar doya, shi da Baba Norbert, maƙwabcinsa na gona kuma amininsa tun suna samari. Awaki suka tafi, keke ya tafi, lafiya ta bi bayansu, ya rasu ba a yanke hukunci ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne muryarsa ta ɓace mata. Takan zauna ta matsa wa kanta ta tuno yadda yake dariya, ko yadda yake kiran sunanta daga bakin gona, amma ba abin da ke zuwa sai kalma biyun da yakan faɗa in ya dawo da yamma ya jingine sandarsa: "An ɗage." Ta sha yi wa mijinta wannan ƙorafin, ta sha yi wa ƙawarta Rabi'a.

To, sai ga shi ranar wata Talata ta ji kalmar a bakin mijin nata, a cikin gidanta. Ta kama hanyar kasuwa ke nan ta tuna ta bar mudu a kicin, ta juyo. Mijin nata, Iorhemba, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma in yana waya sai mutanen layi na uku sun san da wa yake magana. Amma yau ga shi a raɓe a gindin lemo, ya kare baki da tafin hannu yana ƙus-ƙus.

"Baban Sharifa, wannan kes ɗin ya yi girma da yawa. Ina zan ɓoye shi madam bai gani ba?"

Ta tsaya cak. Baban Sharifa shi ne Sharhabilu, maƙwabcinsu na jikin katanga, mai shagon gyaran kwamfuta a cikin gari, mijin Rabi'a.

"Ni ƙara ne damuwana," Iorhemba ya ci gaba. "In ƙara ya shigo gidan nan, duk abin da na shirya ya lalace. Inci nawa ka ce? Haba! Sai an fasa baya ke nan? A'a, abeg, bar maganar fasawa tukuna. Madam zai haɗiye ni da rai."

Msurshima ta haɗa kalmomin wuri guda. Ga kes, ga ƙara, ga maganar fasa baya. Ba ta buƙatar mai fassara, domin ta san abin da ke bayan gidanta, kuma a duk duniya mutum biyu ne kawai suka san shi, ita da Rabi'a.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce aka gina mata kicin. Lokacin Iorhemba yana wani kwas a Akwanga, Sharhabilu kuma yana Legas yana koyon aikinsa, filin nasa duk ciyawa ce ban da ɗaki biyun da ya bar amaryarsa a ciki. Magini ya ja igiyarsa yadda ya ga dama, ya shiga filin da ƙafa biyu. Sai da gini ya kai wuya Rabi'a ta lura an binne turken ƙarfen iyaka, ta zo ta nuna wa Msurshima. Msurshima ta zauna a kan bulo ta fashe da kuka, domin a lokacin ko shekara uku mahaifinta bai yi a kabari ba. Rabi'a ta dafa ta ta ce, "Maman Wandoo, ƙafa biyu ce za ta raba mu? Ni ban gani ba, ke ma ba ki gani ba." Ta je ta shuka zogale a jikin bangon, ya tashi ya rufe komai. Da aka zo zagaye gidajen da katanga, su biyun suka dage sai da aka bar ƙaramar ƙofa a tsakani. Ta wannan ƙofar naman Sallah yake shigowa, shinkafar Kirsimeti take fita, gishiri da garwashi da yara suke kai-komo. Ba a taɓa sa mata ko sakata ba.

Yanzu ga Sharhabilu yana maganar inci da fasa baya. Wa ya gaya masa? Msurshima ta fita daga gidan a kan yatsun ƙafa, ba ta ma ɗauki mudun ba. Ranar nan da gwangwanin madara ta yi ta awo, sau biyu tana ba mutane ƙari ba su roƙa ba.

Da yamma ta ajiye wa mijin sakwara, ta zauna tana kallonsa. In su biyu ne da yarensu suke magana, kuma da yaren ta tambaye shi, murya a sanyaye kamar ba komai.

"Baban Wandoo, na ji kamar kana waya da safe."

Lomar ta tsaya masa a hannu. "Ni? Oh. Fasto ne. Maganar kujerun coci."

Shekara ashirin da bakwai tana zaune da mutumin nan, bai taɓa iya ƙarya ba. In ya yi, sai ya sosa bayan kunne. Ya sosa, har sau biyu. Haushi ya kama ta, tausayi kuma ya biyo baya, don ta gane abin da yake yi: likita ya ce hawan jininta ba ya son tashin hankali, shi ne bawan Allah ya ɗauki kes shi kaɗai yana lallaɓa mai ƙara a gindin lemo. Haka mahaifinta ma ya ɓoye wa mahaifiyarsu sammacin farko a cikin hula har wata biyu.

Washegari Rabi'a ta shigo ta ƙaramar ƙofa da fara'arta, tef ɗin awo a wuya kamar kullum, domin tela ce, ko rijiya za ta da tef take zuwa.

"Maman Wandoo, an tashi lafiya? Yau ba fita da wuri? Don Allah ɗan sam min dakakken barkonon nan naki, nawa ya ƙare, kuma Baban Sharifa ya ce naki ya fi ƙamshi."

"Baban Sharifa yana son kayan gidan nan sosai," in ji Msurshima.

Rabi'a ta yi dariya, ba ta ji ƙayar da ke cikin maganar ba, ko kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Msurshima ta nufi kicin, amma ba ta shiga ba. Ta dawo ta laɓe a bayan labule. Ta leƙa falon. Rabi'a ta durƙusa a gaban kabod ɗin da talabijin ke kai, wanda ke jingine da bangon da ya miƙe har zuwa kicin, ta zare tef tana auna tsawo da faɗi da sauri-sauri, har tana cusa hannu ta baya tana laluben bango. Ta ciro biro daga ɗankwali ta rubuta lambobi a tafin hannunta.

Msurshima ta yi gyaran murya. Rabi'a ta zabura ta miƙe, ta dunƙule hannun.

"Ɗankunnena ne ya faɗi," ta ce.

Ɗankunne biyu suna nan a kunnuwanta suna lilo. Msurshima ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta shiga kicin ta ɗebo barkonon ta miƙa mata.

Daga ranar komai na Rabi'a ya canza mata kama. Gaisuwarta ta zama leƙen asiri. Ƙosan da take aiko mata da safe ya zama toshiyar baki. Har ɗinkin anko da ta yi mata kyauta bara, Msurshima ta ɗauko shi daga akwati ta juya shi ciki da waje tana tunani, wato tun lokacin ake shirya mata. Shekara goma sha huɗu na zumunci ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana neman inda yaudarar ta fara, kuma abin takaici, duk inda ta duba sai ta samu.

Ranar Alhamis tana wanki ta tsinci takarda a aljihun wandon Iorhemba. Zane ne mai kusurwa huɗu, da lambobi a kowane gefe, da kibiyoyi suna shiga ta gaba suna fita ta baya. Rubutun Sharhabilu ne, ta san shi daga rasit ɗin gyaran wayarta. A ƙasa an rubuta: "Baya: a fasa ko a bari?" Irin wannan zanen ta gani cike da jakar fatar mahaifinta, wanda lauyoyi suke shimfiɗawa a tebur suna nuni da bakin biro.

Ba ta gama wankin ba. Ta jawo wani tsohon kwanon rufi daga bayan bayi, ta ɗauko guduma da ƙusoshi 'yan inci uku, ta rufe ƙaramar ƙofar da hannunta. Ƙusa tara ta buga, ta bugi yatsanta sau ɗaya ba ta ma ji zafin ba.

Can sai ta ji an ƙwanƙwasa daga ɗaya gefen.

"Maman Wandoo? Me ya sami ƙofa?"

"Awaki suna shigo min."

"Ai ba mu da awaki."

"To kaji."

Msurshima ta kasa kunne. Ta ji Rabi'a tana tsaye a wurin, har numfashinta tana ji ta jikin kwanon. Sai kuma ta ji takun silifas yana komawa ciki a hankali. Msurshima ta ce wa kanta gara ita ta fara rufewa kafin a rufe mata. Da Iorhemba ya dawo ya ga aikin ya tambaya, ta ba shi amsar awakin, shi kuma da yake yana da nasa abin ɓoyo bai ja maganar ba.

Ranar Asabar ya tashi da wata irin kulawa da ba ta san shi da ita ba. Shi ya ɗora mata buhu, shi ya tare mata keke napep, har yana cewa kada ta yi gaggawar dawowa, Asabar ranar ciniki ce. Ta ce to. Ƙarfe goma sha ɗaya ta bar wa maƙwabciyar rumfarta kaya ta dawo. Babur ɗin Sharhabilu yana ƙofar gidanta. Ta zagaya ta gefen lemo ta tsaya a jikin tagar falo.

"Malam, kes uku ne a gabanka," muryar Sharhabilu ce, a natse kamar ta mai karanta hukunci. "Yau sai ka zaɓi ɗaya, na gaji da kai-komo."

Uku! Ta dafa bango.

"Na farkon nan yana da ƙarfi, ba ƙarya, amma a tsaye yake, duk wanda ya shigo gidan nan shi zai fara gani. Na biyu ƙarami ne, zai ɓuya, sai dai ba shi da wurin shan iska. Zafin Lafia kuwa ka san shi. Da zarar ya ɗau zafi, ƙararsa har titi za a ji."

"A'a, a'a, ba na son wannan," in ji Iorhemba.

"To saura na uku. Shi a kwance yake, ba mai lura da shi, kuma zai daɗe. Shekara goma ma yana nan yana tafiya. Amma gaskiya, Malam, sai an fasa baya. Maman Sharifa ta auna, awon kuwa ba ya ƙarya."

"Ni dai a yi a gama kafin ta gane," muryar Rabi'a ce wannan. "Kwana biyun nan ko gaisuwata ba ta amsawa da kyau."

Shekara goma. Na mahaifinta tara ya yi ya kai shi kabari. Msurshima ba ta san lokacin da ta zagayo ta banke ƙofar falon ba.

"Ba wanda zai fasa min kicin!" ta ce, Hausarta ta kasuwa tana fita da gudu. "Baban Sharifa, ka ji tsoron Allah! Ƙafa biyu ne! Ƙafa biyu kawai magini ya shiga filinka, shekara sha huɗu ke nan. Matarka ya gani da idonsa, shi ya ce a bari, shi ya shuka zogale ya rufe wurin don kar ka gani. Yanzu kuma ya shigo min da tef yana cewa ɗankunne! In kotu ne mu je kotu, amma ku daina ci min abinci kuna auna min gida!"

Sai da ta tsaya jan numfashi idonta ya sauka ƙasa. A kan leda, tsakiyar falon, akwatunan ƙarfe uku ne a jere kusa da kwalayensu. Ɗaya dogo baƙi a tsaye, ɗaya ɗan mitsitsi kamar kwalin sukari, ɗaya shimfiɗaɗɗe kamar dikoda, da ƙananan huji a gefensa. Sharhabilu yana tsugune da sukudireba a hannu. Rabi'a tana zaune a hannun kujera da wani ƙyalle mai ruwan toka a cinya, an yi masa dajiya da zare baƙi da fari.

Sharhabilu ya ajiye sukudireban a hankali. Bai dubi Msurshima ba, matarsa ya duba.

"Wace ƙafa biyu?"

Rabi'a ta sunkuyar da kai. Yatsunta suna murza bakin ƙyallen.

"Rabi'a, da ke nake. Wane zogale?"

Iorhemba ya miƙe, baki sake, yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganinta. Shi ma yanzu yake jin labarin kicin ɗinsa. Ya nuna akwatunan da hannu, ya ce da Hausa don kowa ya ji, "Msurshima, wannan ne kes. Sunan akwatin ke nan, wanda ake zuba kayan cikin kwamfuta. Kes ne sunansa."

Sannan ya faɗi sauran, muryarsa ƙasa-ƙasa. Watan jiya da ya je Adogi gaisuwa, ƙanenta ya ba shi wani tsohon kaset ɗin bidiyo da ya tsinta a ƙasan akwatin mahaifiyarsu. Na bikin aurensu ne, wanda kowa ya ɗauka ya ɓace. Sharhabilu ya yi mako biyu yana goge masa fumfuna, ya juye shi a kwamfuta. Hoton ya fito, amma sautin ya yi rauni ƙwarai, tsohuwar kwamfutar Iorhemba kuwa fankarta kamar injin niƙa take, in ta tashi ba ka jin komai. Shi ne Sharhabilu ya ce a haɗa wata ƙarama da za ta zauna ƙarƙashin talabijin, a cikin akwati mai babbar fanka da ke juyawa a hankali, wadda ba ta ƙara. Bayan da za a fasa kuwa na kabod ɗinta ne, falankin baya, don iska ta fita waya ta wuce. Iorhemba ya san kabod ɗin na aurenta ne, shi ya sa yake ta jan ƙafa.

"Baba yana ciki," ya ce. "Yana magana, yana dariya. Kin ce kin manta muryarsa."

Kunya ta lulluɓe Msurshima tun daga kai har ƙafa. Ta so ƙasa ta buɗe ta shige. Ta buɗe baki za ta ce wani abu, ta rasa da wane yare za ta fara.

Sharhabilu ya mayar da dogon akwatin cikin kwalinsa, ya mayar da ƙaramin, ya ɗaure su da roba tsaf kamar yadda ya kawo su. Ya tura shimfiɗaɗɗen gefe da ƙafa.

"Na ukun za a sa, Malam. Shi ne daidai da wurin. Litinin zan zo in haɗa."

Ya ɗauki kwalayensa ya fita. Rabi'a ta miƙe ta ninke ƙyallen ta ajiye a kan akwatin, rigar da ta ɗinka masa ce don kada datti ya shiga ta hujin. Ta wuce ta gefen Msurshima ba ta ɗago ba, ta bi mijinta ta ƙofar gaba, tun da ta tsakanin a rufe take.

Lahadi Msurshima ta je coci ta dawo ba ta san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Duk yinin tana kasa kunne ta jikin katanga. Ba a yi faɗa a gidan su Rabi'a ba, da an yi ma da ta fi samun sauƙi. Keken ɗinkin da yake tashi tun bayan karyawa har la'asar, ranar ko sau ɗaya bai juya ba. Sau uku ta ɗauki guduma ta nufi kwanon, sau uku tana ajiyewa, don ba ta san abin da za ta ce in ta buɗe ba. Iorhemba kuwa ya je bayan kicin ya tsaya hannu a baya yana kallon bango, ya dawo ya wuce ta.

Litinin da hantsi Sharhabilu ya zo da jakar kayan aikinsa. Ya gaishe ta gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa matar baƙo. Ta kawo masa ruwa mai sanyi a kofin baƙi, ya ce alhamdu lillahi, yanzu ya sha. Ya juya kabod ɗin, ya yanke da'ira a falankin baya daidai tafin hannu biyu, ya goge bakin da sanfefa, Msurshima tana tsaye tana kallo. Ya ɗaura ɗan faifan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar a cikin akwatin, ya ɗaura fanka, ya tattara wayoyin ya ɗaure su gefe guda don kada su tare iska. Ya tura akwatin cikin gurbinsa, ya shige daidai, da sarari kamar yatsa uku ta kowane gefe. Awon Rabi'a bai kuskure ko kaɗan ba.

Ya danna maɓalli. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama. Ya kara kunnensa a jikin ƙarfen, ya ɗago, ya miƙa wa Iorhemba rimot. Sannan a karon farko ya dubi Msurshima ido cikin ido.

"Ga shi nan, Maman Wandoo. Ba ƙara."

Ta bi fuskarsa da kallo tana neman wace ƙarar yake nufi, ta akwati ko ɗayar. Fuskar ba ta nuna mata komai ba. Ya ɗauki jakarsa ya yi sallama.

Iorhemba ya jawo mata kujera gaban talabijin, ya kunna, ya koma gefe. Hoton ya zo da launin da ya koɗe, yana ɗan rawa daga sama. Ga tsakar gidansu na Adogi, ga mangwaron da aka sare tuntuni, ga mata suna rawa da faranti a ka. Ga ta nan ita kanta, siririya, tana rufe baki da hannu. Sai mai ɗaukar hoton ya juya, ga Baba Tavershima a kan benci, ya yafa zanensu mai ratsin baƙi da fari, kumatunsa a cike, ba irin wanda ta binne ba.

"Msurshima!" ya kira. "Zo nan a ɗauke ki da ubanki!"

Muryar ta fito siririya amma tas, ba abin da ya danne ta. Hawaye suka zubo mata ba ta share ba. Haka yake jan ƙarshen sunan nata, haka yake, ta yaya ta manta?

Sai tsohon ya miƙa hannu ya jawo wani daga gefen hoton, ya rungume kafaɗarsa. Baba Norbert ne, da cinyar kaza a hannu. "Ɗauki wannan ma," in ji mahaifinta da yarensu, yana dariya har yana tari. "Wannan ɗan'uwana ne. Gonata da tasa ko iyaka ba mu sa ba."

Falon ya yi tsit ban da dariyar tsofaffin biyu. Akwatin bai ko yi numfashi ba. Saboda wannan shirun ne Msurshima ta jiyo wani sauti daga bayan gida, wanda da tsohuwar kwamfutar ce ke aiki da ba za ta taɓa jin sa ba: ƙarar tef ɗin ƙarfe irin na magina, ana zare shi, ana sakinsa yana komawa.

Ta miƙe ta ɗauki guduma. Ƙusoshin taran sun fi wuyar fita a kan yadda suka shiga, sai da ta yage bakin kwanon ta yanke a hannu kafin ya faɗi.

An sassare zogalen, rassan suna zube a ƙasa da ɗanyen ganyensu. Rabi'a tana tsaye a jikin bangon kicin, ta danne bakin tef da ɗan yatsa, idanunta a kumbure. Sharhabilu yana tsugune a ɗaya ƙarshen da takardar filinsa a gwiwa, yana duba lamba.

"Ƙafa biyu da inci huɗu," ya ce, ba da kowa yake ba.

"Maman Sharifa," in ji Msurshima. "Maman Sharifa, ki yafe min."

Rabi'a ba ta ɗago ba. Ta dai saki bakin tef ɗin, ya ja jiki da gudu ya koma cikin gidansa.

"Baban Sharifa, yanzu me za ka yi?"

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, ya karkaɗe gwiwar wandonsa.

"Za mu zauna da Malam," ya ce. "Amma ba yau ba."

Msurshima ta san wannan maganar. Shekara tara tana jin ta a bakin mahaifinta duk sanda ta je gida, kalmomin ne kawai suka bambanta. Ta tsaya a bakin ƙaramar ƙofar da guduma a hannu, jini yana ɗiga daga yatsanta, ba ta shiga ba, ba ta koma ba. Daga falo muryar mahaifinta tana fitowa tas, yana ta dariya da Baba Norbert.